Kallabin Gwaggo Ba Shi Da Nauyi

Jiya jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta kanmu, na tuna Gwaggo.

Farkon 'yancin kai naƙuda ta gagare ni a Lugu, aka samu jirgin soja zai kai ni asibiti. Gwaggo ba ta barin mai naƙuda ita kaɗai, har ta ɗora ƙafa za ta shiga jirgin. Tafintan matuƙin jirgin ya ce dokar duniya ce: a wannan zafin rana, in aka ƙara mutum ɗaya jirgin zai iya faɗuwa. Na ƙanƙame ta.

Ta kwance kallabinta mai ƙamshin man shanu, ta ɗaura mini a hannu. "Tahi, ɗiyata. Wanga ba shi da nauyi."

Allah kada ya bar ta ita kaɗai a kabarinta.