Kauɗar Inna a Bangon Zauren Wasa

Shekarar da aka ce za a gina wa makarantarmu zauren wasan kwaikwayo, ni ke kula da ƙungiyar wasa, kuma na gaji da yin wasa a gindin darbejiya, inda akuya ke shigowa tsakiyar fage ta tsaya kamar da ita aka shirya. Ginin ba na bulo ba ne. Ƙarafa ne da fallayen kwano na bango da rufi da aka yanko tun daga kamfani. Tirela ta sauke su a filin ƙwallo, aka ce sai injiniya ya zo a ɗaure su da noti. Injiniya ya yi zamansa a Funtua.

Lokacin kuwa tumatir ya yi yawa a yankinmu na Danja har ya rasa mai saye. Na fadamar Inna, mahaifiyata, ya nuna gaba ɗaya. In ba a yanka an shanya ya zama kauɗa ba, wahalarta ta rani duk ta ruɓe. Shanyar ƙasa kuma yashi take kwasowa.

Wata safiya na iso makaranta na tarar da fili ya yi ja wur. Inna da ƙawayenta sun shimfiɗa kwanon zaurena, sun jera tumatir a kai.

Na ce, "Inna, so kike a kore ni daga aiki?"

Ta ce, "Kai, rufa mana baki. Ai kife su muka yi don kada fentin ya ɓaci. Mu ma mun san darajar kayan gwamnati."

Kauɗa ba ta gama bushewa ba sai ga injiniya da ma'aikatansa. Shugaban makaranta ya harare ni. Inna ko a jikinta. Ta tari injiniya ta ce, "Yaro, a garinku da rufi ake fara gini?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a, Mama, da ginshiƙi."

"To je ka yi ginshiƙinka."

Haka aka yi. Ƙarafa na tashi sama, Inna na juya tumatir a ƙasa tana yi wa masu ɗaure noti faɗan kada su jefo mata komai. Ta kwashe kauɗarta tsaf, har injiniya ya tafi da ƙunshi. Sai dai tabon ya ƙi fita, kuma da yake kife kwanon suka yi, ta ciki ya faɗo: jajayen da'irori reras a bangon bayan dandamali.

Ranar buɗewa wani babban baƙo ya yaba wa wanda ya zana adon. Shugaban makaranta ya gyara hula ya ce dabararsu ce.

Na sha wuya a kan wasan da muka nuna ranar, na kuma zaunar da Inna a sahun gaba don ta gani. Da aka tashi na tambaye ta yadda ta ga aikina.

Ta ce, "Wallahi ban lura ba. Amma ka ga layin can na sama, manya-manyan? Nawa ne."

Na ji haushi ranar. Yanzu da ba ta nan, in yara na gwajin wasa, ni ma layin saman nake kallo.