Doña Ercilia, Mai Duba Ƙwarin Teku

A da, da hantsi, ko ruwan sama na tsuga kamar da bakin ƙwarya, za ka ga Doña Ercilia Chiguay tana gangarowa daga unguwarsu a Puerto Cisnes, garin masunta a bakin teku, lulluɓe da mayafin ulu. Tana isowa tasharmu ta bincike sai ta hura murhun itace, ta haɗa shayin mate, ta ɗumama yatsunta, sannan ta zauna ta kafa ido a madubin ƙara girma. Haka take tun gashinta yana baƙi.

Aikinta tantance ƙananan halittun teku ne, waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar gero ba. Ita dai ƙwari take ce musu. Su ke cin koren tsiron da ke yawo a saman ruwa, wanda ya zuƙi iskar kabon mai ɗumama duniya. Kashinsu ya nutse da kabon ɗin can ƙasa, ya daɗe a binne. Wasunsu kuma farfasa kashin suke yi a hanya, ya kasa kaiwa ƙasa. Mu masu bincike mukan rataye tarko a zurfin ruwa ya tari abin da ke gangarowa, ita kuma ta zauna ta rarrabe.

Wata maƙwabciyarta ta taɓa tsokanarta: "Ercilia, wai da girmanki kashin ƙwaro kike ƙirgawa?"

Ta ce, "To ke da kike ƙirga laifin surukarki, me ya ƙaru da ke?"

Wani hunturu, mijinta Don Aladino ya fita kamun kifi, iska ta juya, bai dawo ba. An tsinci jirginsa a kife, shi kuwa ba a gan shi ba har yau. A mashigin ruwan da ya ɓace tarkonmu yake. Da muka ɗago shi, muka rasa mai ƙarfin halin kai mata kwalaben da abin da ya tara ke ciki. In aka bar su za su lalace, binciken shekaru ya samu giɓi. Sai na ɓuya a ɗakin baya na fara dubawa da kaina.

Ta shigo sanye da baƙaƙen kaya, ta tsaya a kaina.

"Na ina ne wannan?"

Na sa hannu na rufe rubutun jikin kwalbar.

"Na gane. Tashi, ɗan nan."

"Doña, ki je gida ki huta, za mu..."

"Gidan, wa ke ciki? Ruwan nan shi ya ga Aladino a ƙarshe. Bar ni in ga abin da ya aiko."

Na tashi. Ta yini a kan kujerar. Can ba jimawa sai ta ɗago, ta goge gilashin madubin da bakin mayafinta, ta koma. Ba ta tsallake kwalba ko ɗaya ba. Da yamma ta ce mini, "Ƙwarina suna nan, suna ta aikinsu. Ashe can ƙasan ba kufai ba ne."

Doña Ercilia, ke ce ta Aladino, mai haƙurin dutsen bakin gaɓa. Ke ce kika soya wa ɗalibai wainar dankali ranar da teku ta juya musu ciki suna shirin gudu gida. Masana a ƙasashe masu nisa sun dogara da ƙirgenki, ba su ma san fuskarki ba.

Yanzu ido ya gaza, ƙwarin sun zame mata hazo, ta ajiye aiki. A walimar sallama shugabanmu ya tambaye ta me take so a yi mata.

Ta ce, "Ku ajiye mini kujera kusa da wadda za ta gaje ni. Ido ne ya tafi, bakina yana nan."

Mun gode, Doña Ercilia. Allah Ya saka miki. Ku kuma da ake raina aikinku don ƙanƙantarsa, ku riƙe shi yadda ta riƙe nata. Kujerar mun ajiye ta, kusa da murhu.