Ragon Yaya Hajo ya cinye mini iccen kafe

Jama'a, yau na ga rago ya rama mini!

Kun san iccen kafe, wato kofi, na cikin ɗakina, wanda marigayi ƙanena ya kawo mini daga Abijan. Shekara huɗu ina rainonsa. Ba ya son rana, ba ya son ƙishi, har ganyensa nake gogewa da tsumma. Bana ya fara 'ya'ya, jajaye.

Jiya yayar maigidana, Yaya Hajo, ta zo daga Urafane da ragonta na turka za ta kai kasuwa. Yau na dawo daga lakwal, wato makaranta, da azahar, sai na iske tukunyar iccen a tsakar gida. Sanda kawai ta rage!

Na ce, “Yaya, wa ya yi wannan?”

Ta ce, “Ni. Ɗanyen ganye da rani, dabba na jin yunwa? Ke da ba ki haifa wa ƙanena ko ɗa guda ba, sai rainon icce!”



Can sai kafen ya hau wa ragon kai, ya fara zabura. Ido jajur! Ya tsinke igiya, ya fasa randa, ya juyo kanta. Ya tunkuye ta, ta faɗi cikin caɓi. Ta miƙe, ya ƙara mata!

Tana ihu, “Amarya, kama shi! Zai kashe ni!”

Na jawo kujera na zauna. Na ce, “Yi haƙuri, Yaya. Ni icce kaɗai na iya raino.”