Hannun Dattijon Gwaska

Muslimat, ɗalibar da ke bincike a wani ƙaramin asibiti a Birnin Gwari, tana satar kallon dattijon da ke zaune shi kaɗai a ƙarshen benci. Bafulatani ne dogo siriri, sandar kiwo jingine a kafaɗarsa, hannunsa na dama yana ta karkarwa. Katinsa ya ce Bakoji, daga Gwaska. Babu wanda ya rako shi.

Kunya ta hana shi miƙa wa mace kwalbar fitsarinsa. Ya nannaɗe ta da tsumma ya ajiye a ƙasa, yana turo ta da bakin sanda, fuskarsa na kallon bango.

Ta ɗiga fitsarin kaɗan a kan wata 'yar na'ura da aka shafe da ƙwayoyin gawayi waɗanda ido ba ya gani. "Baffa, wani sinadari nake aunawa, dofamin. Ƙarancinsa a ƙwaƙwalwa kan sa hannu rawa."

Ya dubi sandarsa ta kiwo. Wataƙila garkensa yake tunawa, can cikin daji a hannun 'yan bindiga.

"Auna, 'yata," ya ce a hankali. "Amma hannun nan bai taɓa rawa ba sai da ya rasa saniyar tatsa."