Gaiwar da Ta Zama Kifin Teku

Har gobe ba zan manta da Litinin ɗin da wani fom ya iso teburina a Gwaram ba. Lokacin ina malamin kifi a mataki na bakwai, na shekara shida ina jiran ƙarin girma. Aikina shi ne zagaya masunta ina rubuta abin da suka kama.

Fom ɗin na tantance nau'o'in kifi ne, kuma da ganinsa ka san don mutanen bakin teku aka tsara shi. Shafi na uku kacokan na wasu kifaye ne masu siffar maciji da ke can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa. An kasa su dangi-dangi, har da zane: mai baki kamar buhu, mai baki kamar na tsuntsu, mai wutsiya kamar zare. Na bi guraben ɗaya bayan ɗaya na rubuta "babu", na shiga mota na kai wa shugabanmu a Birnin Kudu.

Ya duba, ya turo mini abina. "Malam Habu, duk wanda ya cika shafi da babu, bai fita daji ba ne."

"Ranka ya daɗe, tekun ne ba mu da shi."

"Wannan kuma matsalarka ce. Ni dai ba na sa wa malalaci hannu a takardar ƙarin girma."

Sai na nufi Fagam wajen Baba Sale, wani tsohon masunci, na nuna masa fom ɗin. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya saɓi fartanya, ya kai ni busasshiyar fadama, ya haƙo gaiwa da ranta cikin dunƙulen ƙasa. Ya bayyana mini yadda take shigewa taɓo in ruwa ya janye, ta yi wata da watanni tana shaƙar iska har damina ta faɗi. Na bi fom daga farko har ƙarshe, gaiwa ba ta da gurbi.

Na cusa ta a dangin masu wutsiyar zare. A gurbin wuri na sa Fagam, inda aka tambayi zurfin da aka same ta kuwa, na rubuta kamu biyu. Shugaba ya sa hannu, har da yabo, na haye mataki na takwas.

Kunyar abin ba ta sake ni ba har na yi ritaya. Ku da ke bakin aiki yanzu, ku sani ofis ya fi tsoron gurbi a buɗe a kan ƙarya a rubuce. Bara ma wani sabon ma'aikaci ya yi sallama a gidana riƙe da kwafin fom ɗin, ya durƙusa cikin ladabi, ya ce, "Baba, don Allah ta ina ake bi a je tekun Fagam?"