Kabad ɗin Icilda

"To ka faɗa mata gaskiya mana," in ji Linval, yana juya shayinsa da bakin sukundireba. "Shekara arba'in kana ɗora wa masu kwasar kaya laifi. Bayin Allah, ko ƙusa ba su karya maka ba."

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji abokinsa Ferdie. "Wa ya riƙe min katakon ina yankawa?"

"Ni riƙewa na yi. Zarto na hannunka."

Ferdie Pinnock kafintan akwatunan sifika ne a Chapeltown, cikin birnin Leeds na Ingila, kuma duk mai saka faifai a unguwar ya san ƙofar garejinsa. Yau 'yarsa Verona za ta zo. Tun rasuwar mahaifiyarta Icilda take tambayar wani kabad da ta gani a tsohon hoto, shi kuwa kullum sai ya ce a wajen sauya gida aka farfasa shi.

Ya bar Jamaika yana ɗan shekara goma sha tara, ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta. A lokacin samarin unguwa da tsofaffin kabad suke haɗa akwatin sifika, kuma duk sun yarda da abu ɗaya: iya faɗin bakin sifikarka, iya ƙarar da za ka yi. Ana saura mako guda bikin titi na watan Agusta, Ferdie ya samo sifika mai inci goma sha takwas. Babu abin da zai ɗauke ta a gidan sai kabad ɗin da uwar Icilda ta ba ta ranar aure. Ya bari ta tafi coci, ya kira Linval, suka yanka shi.

Ranar bikin, da rana tsaka, ya murɗa sauti. Katakon siriri ne, sai ya hau karkarwa kamar tsohon kwano, iska na fita ta kowace kafa. Injin sautinsa ma ba shi da ƙarfin tura wannan ƙatuwar. A tsallaken titi wani direban bas mai suna Cleve ya kafa ƙanana biyu masu inci goma sha biyu, cikin akwati mai kauri da aka toshe ko'ina. Rugugin nasa har cikin ƙirji ake jin sa. Mutane suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar Ferdie ya koyi sana'arsa. Babbar sifika ta fi tura iska, gaskiya ne, amma sai ta samu inji mai ƙarfi da akwati daidai ita. Dubban mutane sun ji wannan bayani daga bakinsa. Icilda kuwa ta ɗaura igiya a ɗaki ta rataye rigunanta na coci, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Da Verona ta shigo, Linval ya tuna yana da aiki a waje.

"Baba, kana cin abinci kuwa? Ga soyayyen kifi."

"Zauna, 'yata. Kabad ɗin nan, ba kowa ya fasa shi ba. Ni na yanka shi."

Ta ajiye kwanon a kan benci, ta share ɗiɗɗigar katako da gefen hannu.

"Na sani, Baba. Mama ta faɗa min a asibiti."

"Me ta ce?"

"Ta ce da ka tambaye ta, da ta ba ka. Ta ce ta yi ta jira ka yi maganar."

Daga waje Linval ya ɗaga murya cewa mai mota ya iso da katako, kuma ba zai jira ba. Ferdie ya cusa tef ɗin awo a aljihu, ya taɓa kafaɗar Verona, ya fita sauke kaya.