Eldred Keeping, Mai Jera Motoci a Jirgin Dare

Kafin magariba Eldred Keeping ya riga ya sha shayinsa a tsaye, ya saka rigarsa mai ƙyalli, ya sauka cikin jirgin fito inda ake jera motoci. Nan ya yi ƙuruciya, nan furfura ta same shi. Motoci na shigowa daga tashar North Sydney, shi kuwa hannu kawai yake ɗagawa: kai hagu, ke dama, matso, tsaya. Fasinjoji su haye sama su kwanta, jirgi ya kwana yana lilo da su, da safe Newfoundland ta fito daga hazo a hankali. Yawancinsu ko fuskarsa ba sa tunawa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Motar da ta fara shiga ita ke fara fita, ta ƙarshe kuwa sai rana ta ɗaga. Shi ya sa kafin a fara lodi Eldred yakan bi layi yana leƙa gilashi, yana yin tambayar nan da mutanenmu ke yi in suna son sanin iyayen mutum.

Haka ya tarar da Loretta Battiste a can ƙarshen layi. Kwana da kwanaki tana tuƙi daga Alberta, tana barci a mota, domin ƙanwarta ta kira ta ce jikin mahaifinsu ya yi tsanani.

"Wa ya saƙa ki, 'yata?"

"Garfield Battiste, na Rose Blanche."

"Garfield mai gardamar tsiya? Yana nan?"

"Yana nan, Baba. Jiya dai yana nan."

Eldred ya ji wannan jiyan. Ya ja baya, ya yafuto ta daga layi, ya sa ta a gaban kowa. Cyril, abokin aikinsa, ya ɗaga murya: "Tsoho, rikicewa ta fara ne? Ai ita ce ta ƙarshe!"

"Kula da naka layin, ka bar ni da rikicewata."

Loretta ta ce a kujera ta kwana, rabi barci rabi ido biyu. Ta riƙa ganin kwalekwalen mahaifinta yana bin gefen jirgi da 'yar fitilarsa, shi yana zaune yana gyaran koma, bai ko ɗago kai ba. Tsoro ya hana ta duba waya. Da gari ya waye ƙanshin itatuwan tudu ya shigo, ƙofar jirgi ta buɗe, babu kowa tsakaninta da hanya.

Ta sami mahaifinta ido biyu. Ya dube ta ya ce, "Ke, ba a cin abinci ne a Alberta?" Ya kurɓi shayi daga hannunta. Kafin hantsi barci ya ɗauke shi, bai sake farkawa ba.

Kai ne, Eldred, mai duba fuska kafin lambar mota. Kai ne ka san ba kowane mai zuwa ganin dangi ne ke da gobe ba. Wallahi tafiyarka ta yi mana zafi. Ku da za ku gaji rigarsa, ku riƙa leƙa gilashi, ku yi tambaya, ku kuma tsaya ku ji amsa.

Da Loretta za ta koma, ta neme shi ta kama hannunsa za ta yi masa godiya. Ya kawar da kai ya ce, "Haba 'yata, motarki ce ƙarama, ita ta dace da gurbin."

Motar tata kuwa ƙatuwar akori-kura ce mai cin wurin mota biyu. To Eldred, ko ka karɓa ko ka ƙi, mun gode.